Ƙofar Bayan Gidan Jan Bulo

In kana gangarawa bakin Binuwai ta ƙasan unguwar Dubeli, akwai wani gida a hannun hagu da bai yi kama da na kowa ba. Jan bulo ne tun daga tushe har sama, rufinsa mai tsini, tagoginsa ƙanana, ga wani dogon bututun hayaƙi a tsakiyar rufin. Bututun hayaƙi fa, a Jimeta, garin da rana kaɗai ta isa ta dafa maka ƙwai. A gidan nan yayata Keturah ta yi zaman aure fiye da shekara arba'in, a cikinsa kuma ta ƙare. Ni ce Rhoda, ƙanwarta. Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Jimeta, don haka in kun ji bakina da kaifi, sana'a ce ta wasa shi.

Wani Bature ne ya gina gidan, ma'aikacin kamfanin da ke sayen gyaɗa da fatu a bakin ruwa tun lokacin da manyan jiragen ruwa ke hawowa Yola. An ce kewar gida ce ta dame shi, sai ya sa aka yi masa irin gidan uwarsa na can ƙauyensu a Ingila, ba ragi ba ƙari. A nan bakin kogi aka ƙona bulon. Da ya tashi tafiya ya bar wa kukunsa gidan, wato Baba Zadok, mahaifin Boaz mijin yayata.

Sai na gaya muku yadda ƙofar gaba take, don duk abin da ya same mu a nan ya same mu. Kana tura ta ba falo za ka gani ba, bango za ka gani a gaban hancinka, wato gefen murhun jin ɗumi da ke ƙarƙashin bututun nan. Dole ka karkata ka juya dama ta wani ɗan lungu, sannan ka faɗa falo. An ce a can ƙasarsu dabara ce ta tare iskar sanyi kada ta shigo ɗaki. Mu nan iskar muke roƙon Allah ya kawo. Ko tebur aka saya a gidan nan sai an kwance ƙafafunsa kafin ya shiga.

Malam Boaz kuwa, tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma ban taɓa ganin mutum yana son abu marar rai kamar yadda yake son gidan nan ba. In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi jikin bango an nuna masa yadda aka jera bulo, layi ɗaya a kwance ta tsawo, layi na gaba ta kai, haka har sama. Sai ya goga yatsa tsakanin bulon ya ce wannan farar ƙasa ce ba siminti ba, shi ya sa bangon ke numfashi. Ni nakan ce masa, "Malam, bangon yana numfashi, mutanen ciki ne dai ba sa yi." Sai ya yi dariya ya kira ni mai warin kifi. Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda ake yi tsakanin ƙanwar mace da mijin yayarta. A wancan lokacin wasa ne.

Da ɗansu Othniel ya girma ya sami aiki a Abuja, sai ya fara maganar a rushe gidan a yi shaguna. Maƙwabcinsu Theophilus, mai sayar da kayan gini, shi ke zuga shi, don yana son wurin. Boaz bai yi musu da kowa ba. Takalminsa ya sa ya dinga sintiri a ofishin masu kula da kayan tarihi, yau da gobe, har suka gaji suka zo suka auna gidan, suka ɗauki hotuna, suka kafa wani allon ƙarfe a gefen ƙofa. Daga ranar gidan ya shiga hannun doka. Ba mai cire bulo ɗaya sai da izini. Ranar da aka kafa allon, Adda Keturah, haka nake kiran yayata, ta dafa shinkafa da kifina, ta yi rawa a tsakar gida don ta ga mijinta na murna. Othniel bai zo ba.

Adda babbar mace ce, doguwa mai jiki, mai ƙarar murya. A zumuntar mata ita ce mai buga tulu, kuma in ta ɗora tafin hannunta a bakin tulun nan har masu shago a titi sukan san an fara. Ba ta son ɗaki. Girki a waje, tsifar kai a waje, karatun Littafi a waje, ƙarƙashin wata tsamiya da ke bayan gidan, inda iskar kogi ke hurowa. Ɗaki wurin ajiye kaya ne a wurinta.

Damina biyu bayan kafa allon, ta faɗi a bakin murhun girkinta na waje. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Ta yi kwanaki a asibiti, aka dawo da ita, aka shigar da ita da ƙyar, aka shimfiɗe ta a falo don ɗakin kwanansu ya fi zafi. Othniel ya aiko da keken marasa lafiya, mai kyau, mai faɗi daidai jikinta. A naɗe ya shiga gidan. Da aka buɗe shi aka ɗora ta, muka tura har bakin lungun nan, sai ya tsaya. Ta gaba aka gwada, ta baya aka gwada, ya ƙi juyawa. Taya ɗaya na dukan murhu, ɗaya na dukan bango.

Sau ɗaya aka fitar da ita a hannu. Samarin coci huɗu suka ɗauke ta a bargo, ran Lahadi, don ta je sujada. A kwanar nan dole suka ɗaga kanta suka sunkuyar da ƙafafu, kafaɗarta ta shanyayyen ɓari ta bugu da bulo, zaninta ya kwance a gaban yaran da ita ta yi wa wasunsu wankan jego. Ba ta yi kuka ba sai da aka dawo da ita. Da suka tafi ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ce da bakin nan nata da ya yi nauyi, "Rhoda, kar a sake ɗauka na kamar buhu." Ba a sake ba.

Daga nan duniyarta ta zama falo. Da safe in na taho daga gidana a Demsawo nakan biya in yi mata wanka kafin in wuce kasuwa, da yamma in sake biyowa. Boaz ne ke sauran hidimar, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke kwashe kashinta, shi ke zama yana yi mata fifita har hannunsa ya gaji ya sauya. Yakan tura ta bakin taga ta leƙa. Tagar kuwa ba ta fi faifai biyu ba, kuma titi take kallo. Tsamiyar tana baya, ba ta ganin ta ko ta ina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan yana da wata ƙofa. A kicin, bayan kantar tukwane, akwai wurin da bangon ya sauya launi. Ba jan bulo ba ne, bulon siminti ne aka cike da shi aka shafa fenti. Nan ce ƙofar baya ta da, wadda ake shigo da itace da gangar ruwa a zamanin Baturen. Faɗinta ya kusa biyun ta gaba, ba lungu ba kwana, kuma daidai take da ƙasa. Tana buɗewa tsamiya ce a gabanka. Tun kafin a kawo Adda gidan aka toshe ta.

Na sami Boaz a waje yana cire ciyawa daga gindin bango, na ce, "Malam, a buɗe ƙofar kicin mana. Aikin ko wuni ɗaya ba zai kai ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ki ga allo ba? Gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai yanzu. Ofis ba za su yarda ba."

"Ka tambaye su?"

"Na kai musu maganar ƙofa. Ana dubawa."

Na yarda da shi, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Muka jira. Damina ta wuce, aka yi Kirsimeti, matan zumunta suka zo suka cika falon suka yi mata waƙa, aka ɗora mata tulu a cinya ta kasa bugawa. Duk lokacin da na tambaya, ana dubawa. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, wata Talata na bar wa maƙwabciyata rumfa na tafi ofishin da kaina, da warin kifina da komai, a shirye nake in zazzage wa kowa.

Wadda na tarar wata yarinya ce mai suna Asta, siririya, mai natsuwa, ita ce ma ta auna gidan tun farko. Ta bar ni na gama faɗa, sannan ta ce, "Mama, ki zauna. Baba Boaz bai taɓa kawo mana maganar ƙofar baya ba. Ta gaba ya nema a fasa a faɗaɗa, a cire gefen murhu. Wannan kuwa na gaya masa ba zai yiwu ba, don ita ce ma dalilin da ya sa aka sa gidan a cikin kayan tarihi. Amma ta baya ai toshe ta aka yi daga baya. In aka buɗe, gidan ya koma yadda aka gina shi. Mu murna za mu yi."

Na ce, "Ki zo ki faɗa masa a gabana."

Ta zo washegari. Ta durƙusa ta gaishe da Adda, ta shiga kicin ta ƙwanƙwasa bangon, ta fito ta maimaita wa Boaz abin da ta gaya mini, cikin ladabi. Har ta ce in ana so ita za ta tsaya a kan aikin don kada a taɓa jan bulon. Boaz yana tsaye a bakin murhun da ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba. Ya bar ta ta gama, ya yi mata godiya, ya raka ta har titi. Da ya dawo ya dube ni da wata irin fuska da ban san shi da ita ba.

Ya ce, "Matata ba za ta fita ta ƙofar boyi-boyi ba."

Na ce, "To ta wace za ta fita? Ta bututun hayaƙi?"

"Ta gaba ta shigo ranar aurenta, ta gaba za ta fita. Zan sake komawa wurin manyansu."

"Malam, iska take so. Iska ba ta san gaba da baya ba."

Ya ce in kama harkar kifina. Daga ranar wasa ya ƙare tsakanina da shi. Na buga wa Othniel waya, ya yi ta huci daga Abuja, ya ce ai shi tun farko ya ce a rushe banzan gidan. Ya kira ubansa, suka yi kaca-kaca, uban ya kashe waya. Maganar Othniel ma ƙara ɓata abin ta yi, don yanzu duk wanda ya ce a taɓa bango, Boaz gani yake shaguna ake nufi.

Na yanke shawara ni kaɗai. Ran wata Asabar da dattawan coci ke taro, na san Boaz zai daɗe a can, sai na ɗauko birkila da gudumarsa. Theophilus ma ya leƙo da murnarsa, yana cewa, "Anti, ki fasa kawai. Mama yana shan wahala. Ƙofa ni zan kawo, no wahala." Muka sauke tukwane, muka janye kanta. Birkila ya ɗaga guduma ke nan sai na ji Adda na buga hannun kekenta da cokali. Haka take kira na.

Na je na tsuguna. Ta ce, "Sallame shi."

"Adda, yau za ki zauna a ƙarƙashin tsamiya."

"Sallame shi, in gaya miki."

Maganarta a hankali take fita, sai na kasa kunne sosai. Ta ce Baba Zadok, ko bayan da gidan ya zama nasa, bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Har ya tsufa, in ya dawo daga coci sai ya kewaya ta baya. Boaz yana yaro yakan ja hannunsa, uban ya ce ƙafarsa ce ta saba. Da tsohon ya rasu Boaz yana koyarwa a Mubi, mota ta ɓata masa lokaci, ya iso daidai ana fito da akwatin ubansa ta ƙofar kicin, ta inda ake fitar da toka da ruwan wanke-wanke. Bai tambayi kowa dalili ba. Bayan an watse ya sayo bulo ya toshe ƙofar da hannunsa, ya yi alkawari a ransa ba wani na gidan Zadok da zai sake bi ta nan, a raye ko a mace.

Ta ce, "Ni kaɗai ya gaya wa. In kin fasa a bayan idonsa, ni zan sha iska, shi kuma kin kashe shi. Shi ya toshe. Ki bari ya buɗe da kansa."

"In bai buɗe ba fa?"

"Zai buɗe. Yana ganina ai."

Na sallami birkila. Na mayar da kanta, na jera tukwane yadda suke. Raina a ɓace yake da su duka biyun, shi da taurin kansa, ita da haƙurinta. Na zauna a kicin ɗin na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na dama mata kunu.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi watan Maris da Afrilu a Yola ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ba mai kwana a ɗaki. Kowa a tsakar gida yake shimfiɗa, wasu har a bakin titi. Jan bulon nan kuma yana da wani hali: yakan sha rana tun safe ya riƙe, sai yamma ta yi ya fara amayar da ita cikin ɗaki. Ka dafa bangon da magariba ka ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Wuta kuwa in an kawo ta yau, gobe sai labari. Othniel ya aiko da janareta, amma fanka iskar zafin take juyawa kawai. Muka dinga jiƙa zani muna lulluɓa mata. Bayanta ya yi gyambo saboda kwanciya da gumi. Ta daina cin abinci sosai, ta daina tambayar wa ya zo coci wa bai zo ba.

Boaz bai fita ya kwana a waje ba ko sau ɗaya. A ƙasa kusa da ita yake shimfiɗa, yana shan zafin da take sha, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wai shi a ganinsa hakan wani abu ne. Kuma bai fasa sintirin ofis ba, yana neman a ba shi izinin fasa gaba. Wata rana 'yan makaranta suka zo ganin gidan tarihi da malaminsu. Na iso na tarar da shi a waje yana nuna musu layin bulo, muryarsa ta dawo kamar ta da, yara suna ɗaukar hoto. Ta taga ina hango Adda a kekenta, bakinta a buɗe tana neman numfashi. Wata yarinya ta leƙa ta gan ta, ta ja da baya da sauri.

Ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka, wata ranar Alhamis da la'asar, na zo na tarar tana zaune a kekenta tana kallon bangon da ke tsakaninta da kicin. Ta ce, "Rhoda, tsamiya ta yi sabon ganye?" Na ce ta yi. Ta ce, "Ɗebo mini." Na kewaya baya na karyo ɗan reshe. Iska na kaɗawa a wurin, mai sanyi, daga kogi, har na ɗan tsaya na sha kafin in koma. Da na shigo Boaz na durƙushe a gabanta da mafici a hannu, ya daina fifitar. Na ajiye reshen a cinyarta duk da haka.

Masu ɗaukar gawa suka zo da mota. A bargo suka fitar da ita, kuma a kwanar nan sai da suka miƙar da ita kusan tsaye. Na juya baya ban kalla ba.

A cocinmu, ranar jana'iza akan kawo mamaci gidansa tukuna, a ajiye akwatin a falo, a buɗe, dangi su wuce su yi ban kwana, sannan a tafi coci. Aka kafa rumfuna a bayan gida wajen tsamiya, don nan ne ke da fili. Matan zumunta suka zo da ankonsu da tulunsu, wata ce ke bugawa. Mutane sun zo daga Numan, daga Ngurore, har Asta na hango a gefe ta lulluɓe kai. Mota ta tsaya a bakin titi, Othniel da samari suka sauke akwatin, suka nufi ƙofar gaba. Boaz na tsaye a bakinta cikin baƙar kwat, ya buɗe ta har ƙarshe.

Kan akwatin ya shiga ya daki murhu. Suka ja baya, suka karkata, suka sake turawa. Ya ƙi. Fenti ya goge a gefe ɗaya. Wani ya ce a ɗaga shi tsaye, Fasto ya ce ba za a yi haka ba. Suna nan riƙe da shi, rabi a ciki rabi a waje, gumi na zuba, waƙa ta fara mutuwa a bakin mata.

Dattijo Ishmael, wanda ya fi kowa tsufa a cocin, yana zaune a kujera kusa da ƙofa da sandarsa. Shi bai san komai ba game da alkawarin Boaz. Don ya taimaka ne kawai ya ce, "Yara, kar ku wahalar da kanku, ba zai juya ba. Haka muka yi da na Baba Zadok. Ina cikin masu ɗauka. Mun so mu fitar da shi ta gaba, don girmansa, mun yi mun yi ya ƙi, dole muka bi ta kicin." Ya dubi Boaz ya ce, "Kai lokacin kana hanya. Ina ƙofar nan ma take yanzu?"

 Na dubi Boaz. Idonsa na kan inda fentin akwatin ya goge.

Ni ce na yi magana. Na ce, "Othniel, ku fito da ita."

Ya ce, "Anti, ai sai ta shiga falonta."

"Ta gaji da falon. Tun bara take roƙon waje. Ku kai ta ƙarƙashin tsamiya."

Suka dubi Fasto, Fasto ya gyaɗa kai. Aka kewaya da ita ta gefen gida, aka jera benci biyu a inuwar tsamiya, aka ɗora ta, aka buɗe. An yi mata kwalliya da ankon zumunta. Iska na taɓa bakin ɗankwalinta. Mutane suka shiga layi, mata suka ɗauki sabuwar waƙa, ba wanda ya lura Boaz bai biyo mu ba.

Ana cikin baiti na farko muka ji an daki bango daga cikin gidan. Sai wani dukan. Mai tulu ta rikice ta tsaya, sauran suka ci gaba da baki kawai. Theophilus ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Guduma na ne. Yanzu Malam ya shiga shago ya ɗauka." Fentin bangon kicin ya tsage, bulo ɗaya ya faɗo waje, sai na biyu, sai suka dinga zubowa. Tsohon siminti ne, ya riga ya gaji, ko tsoho mai shekara saba'in bai sha wuyarsa ba. Kafin mata su kai ƙarshen waƙar ƙofa ta buɗe.

Boaz na tsaye a ciki, kwat ɗinsa ta yi fari da ƙura, hannunsa na jini. Ya sa ƙafa ya ture ɓaraguzan gefe, ya koma ciki. Na ɗauka ya gama ke nan. Sai ga shi ya fito yana tura keken Adda, ba kowa a kai, reshen tsamiyar nan da ya bushe yana kan kujerar. Keken ya wuce ta ƙofar bai taɓa ko'ina ba, har da sauran wuri dama da hagu. Ya turo shi a hankali kan ƙasa mai laushi, ya kawo gefen akwatin, ya tsayar, ya danna birki kamar yadda ya saba in zai ba ta abinci.

Na yi niyyar in gaya masa magana a ranar, na daɗe ina tanadin ta. Da na ga ya tsaya riƙe da hannun keken yana kallon tazarar da ke tsakanin ƙofar da tsamiyar, sai na fasa. Na ciro hankicina na ɗaure masa hannu. Fasto ya ce a rufe akwatin, lokacin coci ya yi.